Lolke da Ciyawar Goge-Fitila

Mijin yayata, Lolke, bai taɓa ganin ciyawa a tsaye ya ƙyale ta ba. Ni Hinke tun ina ƙarama na san halinsa, lokacin da yake zuwa zance wurin yayata Renske a kan keke, ya jingine shi a bakin ƙofarmu, ya tsaya yana leƙen makiyayar babanmu maimakon ya dubi yarinyar da ya zo dominta. Mai kiwon shanun madara ne, haka ubansa, haka kakansa. A ƙauyenmu na lardin Friesland kuwa da filin ciyawa ake auna mutuncin namiji. Ran Lahadi in an taso daga coci sai ka ga maza sun goye hannu a baya suna zagayen filayen juna. Wanda ya yi sakaci har ciyawarsa ta fid da kai bai yanka ba, to ya shiga bakin mutane ke nan, ko ya mutu ana ba da labarinsa.

Renske ta yi rayuwarta kaf a gonar nan tana tatsa, tana wanke bokiti, tana ba maruƙa madara. Duk abin da ke gidan yana da aiki. Ko kyanwar gidan don ɓeraye aka ajiye ta. Da gwiwoyin Lolke suka gaza, ɗansu kuma ya ce shi ba ya son kiwo, sai aka sayar da shanu da gona, suka dawo cikin gari, ɗan gida jikin nawa, shinge kawai ya raba mu. Lolke ya zama abin tausayi. Da asuba zai tashi ya sa takalmin katako, ya tsaya a tsakar gida ba abin yi. Abinci ma sai Renske ta tsaya a kansa.

Ita kuwa a karon farko ta sami ɗan fili a gaban gida da ba wanda ke jiran ya ci daga cikinsa. Wata rana sai ga ta da tukwane uku a kwandon keke, kowacce da ɗan tsiro kore siriri. Ina shanya a bakin shinge Lolke ya fito ya sunkuya, ya murza ganyen da yatsa, ya shinshina.

"Renske, wannan ai ciyawa ce."

"Ciyawa ce mana."

"Saya kika yi? Ciyawa? Ni da na ƙare rayuwata ina tattaka ta kyauta?"

"Wannan ba ta ci ba ce, tsoho."

"To ta mece ce?"

"Ta kallo ce."

Ya juyo ya dube ni wai ko zan taya shi. Na ce, "Kada ka kalle ni, Lolke. Kai ma ai ba ka da wani amfani yanzu, ga shi an bar ka a gidan."

"Ke dai bakinki ne ya hana ki ƙiba," in ji shi. Ya sake duban tukwanen. "Saniya za ta ci kuwa?"

"Ka kawo saniya gidan nan ka gani," in ji Renske. "Da kai da ita za ku kwana a waje."

Ciyawar goge-fitila ce, wadda kanta ke fitowa da gashi mai laushi kamar burushin da kakanninmu ke goge kwalbar fitila da shi. Renske ta taɓa ganinta sau ɗaya, da daɗewa, ran da matan coci muka tafi yawon buɗe ido wani lambu a kudu. Yamma ce ta watan Satumba, rana ta faɗo ta bayan kawunan, iska na kaɗa su. Yayata ta tsaya cak har sai da direba ya yi ta danna mana oda. A mota ta ce mini, "Hinke, wata rana sai na shuka abin nan a ƙofar gidana." Na ɗauka magana ce kawai irin ta mota.

Shekarar farko ba a yi rana ba, ruwa da sanyi kawai, ciyawar ta yi ganye ta tsaya nan. Da hunturu ya shigo ta bushe ta koma launin kara. Irin wannan ciyawa ba a yanke ta kafin sanyi, busasshen ganyen ne ke rufe gindin kada ruwa da ƙanƙara su ruɓar da shi. Lolke ya sha azaba a hunturun nan. Kullum in ya wuce sai ya kau da kai, in tsofaffin abokansa suka biyo ta titi sai ya shige gida ya ɓuya. Da watan Afrilu ya kama Renske ta ce masa, "To, yanzu ka yanke." Ya yanke ta tas, yana fito. Daga ranar ya ɗauka an naɗa shi mai yankan ciyawar gidan, kuma ba wanda ya yi tunanin ya warware masa.

A cikin wannan bazarar ne na shiga gidansu shan kofi da hantsi, na ga Renske ta ɗaga buta tana tsiyaya a kan tebur, gefen kofin, hankalinta kwance. Sai da kofi ya zubo mata a ƙafa ta ankara. Na rufe ƙofar kicin na tsare ta. Ashe ta riga ta ga likitan ido a birnin Leeuwarden ita kaɗai. Tsakiyar ganinta ke mutuwa, ido biyun, kuma da sauri. Ya ce mata baɗi war haka sai dai ta riƙa ganin gefe-gefe, haske da duhu.

Na zauna na yi kuka sosai. Ita ta miƙo mini tsumma.

"Kada ki gaya wa Lolke," in ji ta.

"Haba Renske! Mijinki ne fa."

"Yanzu ya fara cin abinci kamar mutum. Bari ciyawata ta fid da kai, in gan ta da idona a ƙofar gidana. Abin da nake so ke nan, shi kaɗai. In na gani sai in gaya masa."

"In kuma ba ta fid da ba?"

"Za ta fid da. Dubi ranar da ake yi bana."

Gaskiyarta, an yi rana a shekarar. Ciyawar ta bunƙasa, ganye ya zubo ta ko'ina. A ƙarshen Agusta karare suka miƙo daga tsakiya, suka yi ciki, saura kaɗan kawunan su fashe. Kowace safiya Renske na durƙushe a gabansu, ta karkata kai tana dubansu da gefen ido, tana latsa cikin da yatsa.

Ranar haihuwarta ta faɗo ran Asabar. Kamar kullum za a jera kujeru a zagaye, 'yan'uwa da tsofaffin maƙwabtan gona su zo su sha kofi da burodin sukari, a taya kowa murna, ba mai ranar kaɗai ba, haka al'adarmu take. Ran Juma'a tana da ganin likita, muka ce wa Lolke takalmi za mu saya, na ɗauke ta a mota.

Da muka dawo da yamma, tun daga kwanar titi na ga abin. Gaban gidan fes, an share, an ja layi da manjagara. Inda ciyawar take sai kututture uku a aske. Lolke na tsaye da dogon laujensa na gona, wanda ya ƙi sayarwa, fuskarsa cike da fara'a irin wadda rabon da in gani tun kafin a kwashe shanu.

"Kun dawo? Da kyar na cim mata," in ji shi. "Saura ƙiris ta fid da kai. Gobe tsofaffin maƙwabtanmu, su Sake, su zo su ga ciyawa ta tsufa a ƙofar gidana? Ku duba, har na baza ta a baya tana bushewa, zomayen maƙwabta za su samu."

Renske ta fito daga mota a hankali. Ta je ta tsaya, ta sunkuya ta shafa kututturen da tafin hannu. Ta miƙe ta shige gida, na ji ta rufe ƙofar ɗaki.

"Me kuma na yi?" in ji Lolke.

Ni ba a san ni da haƙuri ba, ranar kuwa ko neman sa ban yi ba.

"Me ka yi? Kai dai tsohon bijimi ne, Lolke, kanka ingirici ne a ciki! Kan nan da ka yanke shi ne abin! Shi take jira tun bara!"

"To ai ciyawa ce, Hinke. Baɗi ma..."

"Baɗi ba ta gani! Makancewa take yi, kana zaune kusa da ita kana cin dankali ba ka lura ba! Daga wurin likita muke. Ka ga wani takalmi a hannunmu?"

Ya dubi hannuna, da gaske, yana neman takalmin. Sannan ya jingine laujen a bango a hankali, ya zauna a bakin baro. Ƙaton mutum ne Lolke, amma ranar sai na ga ya ƙanƙance. Haushinsa nake ji kamar in rufe shi da duka, tausayinsa kuma ya hana ni tafiya.

An yi bikin washegari, haka nan. Sake, tsohon maƙwabcinsu na gona, har ya yaba da tsabtar ƙofar gida, na taka masa ƙafa ban ba shi haƙuri ba. Da baƙi suka watse ina kwashe kofuna na ji su a bayan gida.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya maka me za ka yi?"

"Da na... ban sani ba. Da ban yanke ba."

"Ai ba mugunta ka yi ba, tsoho. Abin da ka iya ka yi."

"Za ta dawo, Renske. Ciyawa ce. Ban taɓa yankan farko ban sami na biyu ba. Ki ba ni zuwa Oktoba."

Abin da ya iya ɗin ya sake yi. Litinin da sassafe ya tura baro har tsohuwar gonarsa, ya roƙi wanda ya saye ta kashin shanu, ya dawo da shi ta tsakiyar gari, gwiwa na ƙara. Unguwa ta ɗauki wari, ni na sha mafi yawa tunda tagata ce a kusa. Ya zuba taki, ya yi ban ruwa safe da yamma, ya ɗauko kujera ya zauna yana gadi. Ciyawar kuwa ta amsa. Ganye ya taso kore shar, mai kauri, irin wanda da a fili ne da an zo kallo daga ƙauyuka. Amma kara ko ɗaya bai fito ba.

Ni na ce a tafi da ita wancan lambun na kudu, ko wani na kusa, ai ba ita kaɗai ke da irin ciyawar a ƙasar ba. Ta ce, "Na ga ta mutane ai, Hinke. Tawa nake so." Lolke ya hau bas ya je wurin masu sayar da tsirrai ya dawo da wata a tukunya, da kawunanta a buɗe. Renske ta yi godiya, ta sa aka ajiye a bayan gida, ba ta ko leƙa ta ba. A wurin masu tsirran ne matar da ke sayarwa ta gaya masa gaskiya, cewa irin wannan ciyawa in ta ƙoshi da taki ganye kawai take yi, ƙasa mara ƙarfi take so da rana.

Ya same ni a bakin shinge ya faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa.

"Wai ashe yunwa take so. Ciyawar da ba a yanka, ba a ba ta taki. To ni me na sani a duniyar nan, Hinke?"

Na buɗe baki in tsokane shi, na ga idonsa, na rufe.

Oktoba ta wuce. Sanyi ya sauko, ganyen ya bushe a tsaye, Lolke bai taɓa ko ɗaya ba. Da Sake ya tsaya a titi ya ce, "Lolke, laujenka ya ɓace ne? In aro maka?" sai ya ce masa, "Wuce ka ba ni wuri, kai da ba ka san komai ba sai shanu." Na yi dariya har da riƙe ciki.

Idon Renske kuwa bai jira kowa ba. Kafin ƙarshen hunturu ta daina karatu, ta daina saƙa, fuskar mutum ma sai dai ta gane shi da murya. Wata safiya ta fita ɗauko jarida a akwatin bakin ƙofa, ta kauce daga 'yar hanyar, ta faɗa cikin shinge ta kurje fuska. Ciwon ba wani babba ba ne, amma tun daga ranar ta daina fita ita kaɗai. Matar da ke tashi kafin kowa a ƙauye ta koma zaman kujera a gefen taga. Wannan ya fi makantar ci mini rai.

Da Afrilu ta zagayo na ji sara a gaban gidansu. Na leƙa, sai ga Lolke ya tone ciyawar duka uku, saiwa a sama, yana datsa gindin da shebur.

"Lolke! Ka haukace ne? Bara ka yanke, bana kuma kashewa za ka yi gaba ɗaya?"

"Koma ki sha kofinki."

"Sai na kira Renske."

"Ta sani. Na tambaya wannan karon." Ya share gumi. "Na tambayi matar can ma. Ana raba ta in ta yi ƙiba. Takin nan nawa dai ya yi wani amfani, dubi gindin."

Ya rarraba su ƙanana-ƙanana, ya kwashe ƙasar da ya cika da taki ya kai bayan gida wurin dankali, ya kawo yashi ya gauraya. Sannan ya ja igiya ya dasa su a jere, dama da hagu na hanyar, tun daga bakin ƙofar ɗaki har ƙofar shinge. Layin a miƙe sak, ai ba a raba manomi da igiya. A durƙushe ya yi aikin, a kan gwiwoyin nan da suka raba shi da shanunsa, in zai tashi sai ya dafa shebur ya yi nishi. Na kai masa kofi ban ce komai ba, shi ma ya san wannan ba ƙaramin yabo ba ne daga wurina.

Duk tsawon bazara yana tsugune yana cire haki da hannu. Da Agusta ta yi nisa karare suka fito suka yi ciki. Na lura ya ɗauke laujen daga jikin bango, ya kai wa Sake ajiya. Da na tambaye shi dalili ya ce, "Hannuna ban yarda da shi ba."

A tsakiyar Satumba suka fashe. Ni da na yi ta yi wa abin dariya, wata yamma na fito kwashe shanya na tsaya da kwando a hannu. Rana ta yi ƙasa, ta biyo ta bayansu, kawunan nan birjik sun sunkuyo kan hanya daga gefe biyu, iska na kaɗa su a hankali. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ga abin ya zo, mai shi kuma tana ciki a kujera.

Sai ƙofa ta buɗe. Lolke ya fito riƙe da hannun Renske, tana turjewa.

"Ina za ka kai ni? Na ce maka ba abin da zan gani. Baƙin tabo ne kawai a gabana."

"Na sani. Tsaya nan. Saki hannuna."

"In faɗi?"

"Ba za ki faɗi ba. Sauke hannuwanki ƙasa. Buɗe su. To, taho."

Ta yi taku ɗaya. Kawunan suka shafi tafin hannunta na dama, ta ɗan zabura, sai na hagu ma suka taɓa ta. Ta tsaya. Ta kama ɗaya ta ja shi a hankali ta cikin yatsunta, tun daga gindi har ƙarshe, ta saki, ta kama wani. Sannan ta ci gaba. In ta karkata dama ciyawar ta taru a hannun dama, sai ta gyara. Lolke na biye da ita a baya, ya ware hannuwa kamar mai koya wa yaro tafiya, bai taɓa ta ba. Har ta kai ƙofar shinge ta dafa ta da kanta.

Ta daɗe a tsaye, ta ba mu baya. Da ta juyo fuskarta a jiƙe take, amma muryarta ta dā ce, ta ba da umarni.

"Wane launi ne?"

"Launi?" in ji Lolke. "To... launin ciyawa."

"Lolke."

"Ja-ja haka. A'a, ƙasa-ƙasa. Da ɗan fari."

Na kasa haƙuri na sa baki daga shinge. "Kamar ruwan hoda ne da ya sirka da..."

"Hinke, ba ke na tambaya ba."

Lolke ya cire hula ya sosa kai. Ya sunkuya da kyar, ya tallafo kai ɗaya a tafin hannunsa, ya ɗaga shi saitin rana, ya ƙura masa ido ya daɗe. Ban taɓa ganin ya dubi ciyawa haka ba tare da yana lissafin ranar yanka ba.

"Kin san cikin kunnen maraƙi?" in ji shi.

"Wane iri?"

"Sabon haihuwa. Bayan uwar ta lashe shi ya bushe, ya ɗago kai, hasken ƙofar garke ya biyo ta bayan kunnen. Da ɗan gashin nan na baki-baki."

Renske ta rufe ido. Hannunta na cikin ciyawar.

"Har da gashin?"

"Har da shi."

"To," in ji ta. "Na gani."